Fiƙihun Da Ke Share Hawayen Jama'a

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a cikin Suratul Baƙara, aya ta 143, Allah Maɗaukakin Sarki Ya siffanta wannan al'umma da tsaka-tsaki, domin ta zama shaida a kan mutane. To, shaida kuwa ba ta karɓuwa sai daga wanda aikinsa ya gaskata maganarsa.

Wannan shi ne abin da Shaihu Sahal Mahfuz na ƙasar Indunusiya ya fahimta. An haife shi cikin 1937 a Kajen, a tsibirin Jawa, ya kuma shugabanci majalisar malamai ta ƙungiyar Nahdatul Ulama tun daga 1999 har rasuwarsa cikin 2014. Karantarwarsa ta shahara da sunan fiƙihun zamantakewa. Watau fiƙihu bai ƙare a alwala da salla ba, ya haɗa da yunwar maƙwabci da jahilci da rashin lafiya, domin shari'a ta zo ne don ta tsare addini da rai da hankali da zuriya da dukiya.

Shaihun bai bar mazhabarsa ta Shafi'iyya ba. Sai dai ya nuna cewa idan sabuwar mas'ala ta taso wadda magabata ba su yi magana a kanta ba, sai a bi hanyar da suka bi wajen fitar da hukunci. A babin zakka ya rayar da maganar malaman da, cewa matalauci mai sana'a a ba shi abin sayen kayan aikinsa, domin baɗi ya wadatu daga roƙo.

Ƙungiyar, wadda aka kafa cikin 1926, ta kai kiran tsaka-tsaki ƙasashen waje. Ta tara malaman duniya a Jakarta cikin 2004, sa'an nan ta tara shugabannin addinai a Bali cikin 2022. Amma fa taro ba ya shiga zuciya kamar yadda hali yake shiga. Musulmin da ke zaune a Ingila ko Jamus, ba littafinsa maƙwabcinsa yake karantawa ba, amanarsa da taimakonsa yake dubawa. Idan ya ga alheri, sai ya saurari wa'azi, idan kuwa ya ga tsanani da ƙyamar mutane, to ya guje ke nan, alhakin kuwa yana wuyan wanda ya kore shi.

Allah Ya jiƙan Shaihu, Ya ba musulmi fahimtar addininsu, amin.