Shin Laifi Ne Mu So Ɓarauniya a Takarda?

Akwai wani tsohon littafin labari cikin zane da ya daɗe yana yawo a hannunmu, mu malaman makaranta a nan Birnin Malam, har bangonsa ya rabu aka ɗinke shi da zare. Labarin wata mata ne mai suna Modesty Blaise, wadda marubucin nan na Ingila, Peter O'Donnell, ya ƙirƙiro, Jim Holdaway kuma ya fara zana ta. Ta soma fitowa a jaridar Evening Standard ta Landan a 1963, ba ta tsaya ba sai 2001. Wata rana wata ɗaliba ta are shi, da ta dawo da shi sai ta ce, "Malam, ai ɓarauniya ce. Don me kuke son ta?"

Yarinyar nan tana da gaskiya. Modesty marainiya ce da ta tsere daga sansanin 'yan gudun hijira a ƙasar Girka, ba ta ma san sunanta na yanka ba. Ta yi ta gararamba a ƙasa har Allah Ya kai ta birnin Tanja na Maroko, inda ta zama shugabar wata babbar ƙungiyar ɓarayi. Da ta tara abin da ta tara sai ta aje sana'ar, ita da amintaccen yaronta Willie Garvin, suka koma Ingila, daga baya suka riƙa taimaka wa hukumar leƙen asiri. Ba mu taɓa ganin ta mayar wa kowa da dukiyarsa ba.

To, me muke so a jikinta? Mun duba zuciyarmu, mun ga ba satar ba ce. Iyakar da ta shata wa kanta ce. A lokacin da take da ƙarfi, babu uwa, babu uba, babu alƙalin da zai tuhume ta, ta haramta wa ƙungiyarta fataucin miyagun ƙwayoyi da cinikin mata, alhali nan kuɗin suke. Wanda bai samu dama ba, ba a san halinsa ba tukuna. Ana gane mutum ne ranar da ƙofa ke buɗe, mai gida ba ya nan.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Manomin albasa na Aliero da ya kai buhunansa kasuwar Jega, aka yanke masa aljihu a tasha, ba zai ji sanyi ba don an ce masa ɓarawon mai ƙa'ida ne. Wayon da mai zanen ya yi mana shi ne bai cika nuna mana fuskar wanda aka yi wa sata ba. Ya ɗora ta a kan azzaluman da suka fi ta mugunta, sai ta zama fara a tsakiyarsu. Mai karatu nagari zai so jarumtarta, ya kuma riƙe a ransa cewa akwai hakkin da ba a biya ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Kakanninmu sun raine mu da Gizo, maƙaryaci mai haɗama, ba wanda ya ce suna koya mana ƙarya. Muna koyar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, muna dariyar irin ƙullin da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna. Mun yafe wa namiji wayonsa tun tuni. Mace fa? A yawancin rubuce-rubucen da matasanmu ke kawo mana mu duba, mace iri biyu ce kawai: ko saliha mai kuka a ɗaki tana jiran mai ceto, ko muguwar kishiya mai bin bokaye wadda za ta haukace a shafin ƙarshe. Ta farko ba ta da ƙarfi, ta biyu ba ta da dalili. Yarinyar da ta tashi da irin waɗannan littattafai za ta ɗauka cewa duk macen da ta iya tsayuwa da ƙafarta, to, ta bar hanyar Allah.

Saboda haka shawararmu ga 'yan'uwa marubuta ita ce, in za ku rubuta mace mai laifi, ku gaya mana yunwar da ta kai ta, ku nuna mana abin da ba za ta taɓa yi ba ko da wuƙa a wuya, sannan ku kawo wanda ta cuta shi ma ya yi magana. Wannan na ƙarshe shi ne inda za mu iya fin Baturen.

Ita kuwa ɗalibar, amsar da muka ba ta ita ce ta je ta rubuto mana tata ɓarauniyar, 'yar Maiyama, ta kuma yanke mata hukuncin da ta ga ya dace. Mako uku ke nan, ta ce har yanzu ta kasa yanke hukuncin. Mun ce mata kada ta yi gaggawa.