KADA KUNYAR HANNU WOFI TA HANA KA ZUWA GIDA

'Yan'uwa cikin Ubangiji, kaka ta yi. A ƙasar Rogo da Karaye an karya masara, an cire gyaɗa, dawa tana hanyar rumbu, masu rake kuma sun soma dafa mazarƙwaila. Ba da daɗewa ba za mu ga samari da 'yan mata suna sauka daga mota da jakunkunansu, daga Kano da Zariya da Kaduna da Abuja, sun zo cin Kirsimati. Amma ba dukansu za su zo ba. Akwai tsohuwar da za ta share ɗaki, ta shimfiɗa tabarma, ta yi ta leƙen hanya har bikin ya wuce, ɗanta bai zo ba. Ba ciwo ya ke yi ba, ba kuwa faɗa suka yi ba. Tsaraba ce ba shi da ita, ya ce wa ransa da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mun san zamani ya yi tsanani. Tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur kuɗin mota ya hau, kome na kasuwa kuma ya bi shi. Turmin atamfa da yadin shadda da a ke kai wa iyaye dā, yanzu sun fi ƙarfin ɗan makaranta da mai koyon sana'a da lebura. Sai muka ga 'ya'yanmu sun kasu biyu. Waɗansu sun ƙi zuwa. Waɗansu kuwa sun ci bashi sun zo da kaya niƙi-niƙi, an yi musu guɗa, sa'an nan su koma birni su yi wata uku suna ɓuya wa mai bin su. Karin Magana 22:7 ya kwatanta mai cin bashi da bawa. Wace uwa ce za ta so ta ɗaura zanen da ya mai da ɗanta bawa?

Bari mu duba dokar kanta. Cikin Fitowa 20:12 Allah ya umarce mu mu ba iyayenmu girma, Manzo Bulus kuma ya tuna wa Afisawa cewa ita ce dokar fari da aka haɗa ta da alkawari. Ku karanta ta sau goma, ba za ku ga an yanka mata kuɗi ba. Littafi Mai Tsarki ya nuna mana ɗa mawadaci da 'ya matalauciya, dukansu biyu sun cika ta. Yusufu, sa'anda ya zama babba a Masar, ya aika wa ubansa jakuna ashirin da kaya, har da kekunan ɗauko shi. Duk da haka abin da Yakubu ya ɗokanta shi ne ya ga fuskar ɗansa kafin ya mutu. Rut kuwa ba ta da jaki ko ɗaya. Ta yini tana kala a gonar wani, da yamma ta sussuke abin da ta tsinta ta kai wa surukarta Na'omi, ta kuma miƙa mata ragowar abincin da aka ba ta da rana. Kala da ragowar abinci! Matar nan ce ta zama kakar uban Sarki Dawuda, sunanta kuma yana cikin asalin Ubangijinmu a Matiyu sura 1.

To, mu da muka tashi a karkara, ashe mun manta abin da hannuwanmu suka iya? Yesu kansa masassaƙi a ke ce da shi a garinsu. Bulus maɗinkin tanti ne. Sa'anda Dokas ta mutu a Yafa, gwauraye mata suka kewaye Bitrus suna kuka, abin da suka ɗaga suka nuna masa kuwa riguna ne da ta ɗinka. Aikin hannu ba abin raini ba ne a gidan Allah, kada ya zama abin raini a gidan ubanka.

Ga hunturu yana ƙofa, shi ne kuwa abokin gāban tsofaffi. 'Yar da ke koyon ɗinki, ƙyallayen da a ke sharewa a shagon kowace yamma dukiya ce. Ki roƙi izini ki tara su, ki haɗa, ki sa tsohon zane a ciki, ga mayafi mai kauri ya samu, kuɗin zare kaɗai kika kashe. Wanda ya san inda kaɗanya ta ke, man kaɗe cikin ɗan kwano ya ishi Inna ta shafa wa kaushi da faso har bazara. Saurayi mai ƙarfi, gamba ta bushe a daji ba mai sayar maka da ita: yanko ka saƙa zana ka toshe inda iska ke shigar wa Baba, ka faskara itacen jin ɗumi ka jera a bayan ɗaki. Wannan ma kyauta ce, ko da ya ke ba a ƙunshe ta cikin leda ba.

Ga na ɗakin girki kuma. Kaba da basilla da ɗan galura, ko karan dafi ga wadda ta iya rini irin na dā, su ne faifai da mafici. Rama in an jiƙa ta an ɓare, ta zama igiyar guga da ta ɗaure akuya. Kwano biyu na gyaɗa in an soya, an murje, an niƙa, an matse, za a sami kwalbar mai da ƙuli-ƙulin da tsoho zai yi ta jiƙawa yana ci. Daddawa ta fi su wuya, gama kalwa tana shan wuta yini guda, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku kafin ta yi. Saboda wuyar nan ne tsohuwa mai ciwon baya ta daina yi, ta koma sayen ɗunƙulen kanti, alhali kuwa bakinta bai manta da tata ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye a 1992 masu lambu suka ƙaru. Wanda ya ke da ɗan fegi, busasshen tumatir da kuɓewa da dakakken yaji za su riƙe wa uwarsa miya kwana da kwanaki.

Amma ga inda mu ke so mu daɗe kaɗan. Abin kasuwa kana iya sayensa ba tare da ka dubi mai shi ba. Ka danna waya, kuɗi su faɗa wurin mai POS, ƙane ya karɓo, an gama; ba ka san ko idon Baba ya soma hazo ba. Abin hannu ba ya yarda da haka. Ba za ka sassaƙa wa tsoho sanda ba sai ka san tsawonsa, ka kuma lura da yadda ya ranƙwafa bana fiye da bara. Ba za ka ɗinka masa hula ba sai ka auna kansa. In za ka yi wa Inna kujera, dole ka tsaya ka ga yadda ta ke tashi daga bakin murhu, ka ga tana dafa bango tana cije leɓe, sa'an nan ka gane 'yar tsugunnen da ta ke kai tun tana amarya ta yi mata ƙasa yanzu, tana bukatar wadda ta ɗara ta da taƙi guda. Ba za ta faɗa maka ba. Iyayenmu ba su saba kai ƙarar jikinsu wurin 'ya'yansu ba. Kafin gizago ya taɓa itace, ka riga ka ba ta abin da ta fi rasa, watau ɗa mai kallonta da kula. Shi ya sa mu ke cewa a soma da tambaya da kallo, aikin ya biyo baya. Wani ya kwana bakwai yana saƙa malafa, ashe ƙotar fartanya ce ta tsage wa tsohon.

Akwai kuma kyautar da mai ilimin karatu kaɗai zai iya. Tun 1932 mu ke da Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, kakanninmu da yawa kuma a cikinsa suka koyi haɗa baƙi. Yau ga shi a hannunsu, amma rubutun ya yi wa idonsu ƙanƙanta. Sayi littafin rubutu ɗaya irin na 'yan firamare, ka tambayi tsohon surorin da ya fi so, ka kwafe masa su da manyan baƙaƙe, layi ɗaya ka tsallake ɗaya. Bulus ma da manyan baƙaƙe ya rufe wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa.

Yanzu sai gargaɗi, domin mun san halin zuciya. Wani mai albashi zai karanta wannan ya yi murna, ya ce madalla, bana faifai ya ishe su. A'a, ɗan'uwa, ba da kai mu ke ba. Cikin Markus sura 7 Ubangiji ya tsauta wa waɗanda suka sami dabarar addini ta hana iyaye hakkinsu, suna kiran dukiyarsu keɓaɓɓiya ga Allah. Kada mu mai da aikin hannu irin wannan mafaka. Gwauruwar da Yesu ya yaba a Haikali ba don ƙanƙantar kuɗinta ya yabe ta ba, sai don ba ta rage kome ba. Bulus ya gaya wa Timoti a sarari cewa mai bi da ya ƙi kula da mutanen gidansa ya fi marar bi muni. In uwarka tana bukatar magani kana kuwa da kuɗinsa, mafici ba zai tsaya maka a gaban Allah ba. Sayi maganin, sa'an nan ka zauna ka yi mata fifita da maficin.

Waɗansunmu iyayensu ba masu bi ba ne. Akwai waɗanda su ke Musulmi, akwai 'yan tsiraru da har yanzu su ke riƙe da al'adar kakanni. Dokar ba ta ware su ba. Mai yiwuwa ran da ka karɓi baftisma uban nan ya ɗauka ya yi hasarar ɗa, har maƙwabta suka taya shi baƙin ciki. Gardama ba za ta kawar masa da wannan zato ba. Amma in ya ga kowace shekara kai ne mai hawa ka gyara masa jinkar rumbu, kai ne mai tufka masa igiya, zai san ɗansa yana nan. Kada ka haɗa kyautar da sharaɗi, kada kuma ka mai da ita tarkon wa'azi. Ubanka ne, ba shi don shi ubanka ne.

A lura da tsarin gida kuma. In akwai abokiyar zaman Inna, kada a shiga da faifai ɗaya. A yi biyu, ko a haifar da maganar da za ta kai baɗi. Goggon da ta riƙe ka kana yaro uwa ce. Surukai iyaye ne, Rut ta riga ta nuna mana. In ka kawo, ka durƙusa ka miƙa da hannu biyu, kada ka soma ba da hanzari kana cewa ba yawa, abin bai yi kyau ba. Kada kuma ka jira yabo, balle in kai ɗan fari ne. Za ta kau da kai, ta ce, "Allah ya yi albarka," ta tura abin ƙarƙashin gado kamar ba ta gani ba. Alkunya ce. Bayan ka koma, duk matar da ta shigo gidan sai an fito mata da shi.

Muna roƙon dattawan ekklesiya da shugabannin Zumuntar Mata su taimaka. Yara da yawa sun gama sakandare ba su iya tufka igiya ba, a kowace majami'a kuwa akwai tsohon da ya iya sassaƙa da tsohuwar da ta iya saƙa, suna zaune ba mai tambayarsu. A keɓe yammacin Asabar uku ko huɗu kafin Kirsimati, a taru a inuwar majami'a, kowa ya zo da kabarsa da wuƙarsa. Marayu ma su zo, a nuna musu tsofaffin da ba su da mai kawo musu kome. Sai dai a soma da wuri, gama itacen kujera in an sassaƙa shi ɗanye tsagewa ya ke yi, hular hannu kuwa ba ta ɗinkuwa cikin mako guda.