Wa Muke Kira Jahili?

A hutun bara na samu ɗan aikin anketi da wata ƙungiya, jikka biyar a wuni. Aikin ba wuya: a ba ka takardun tambayoyi da Faransanci, ka shiga ƙauye, ka juya wa mutane su da Hausa, ka sa alama inda amsa ta faɗa. Kafin mu fita sai da muka zauna mu takwas muka daidaita fassarar kowace tambaya, don bakinmu ya zo ɗaya. Da muka iso kan "alphabétisé" da "analphabète" ko minti ɗaya ba mu ɓata ba. Wani ya ce "mai ilimi" da "jahili", kowa ya gyaɗa kai, har da ni da nake taƙamar ina karatun ilimin harshe a jami'a.

A wani ƙauye bayan Mirya na sauka gidan wani dattijo mai haƙar rijiya. Ya sa aka kawo mini ruwa a ƙwarya, na sha, muka shiga tambayoyi. Da muka gama ya leƙo takardar ya ce, "Ɗana, nan me ka rubuta a kaina?" Ni kuma ba tare da tunani ba na ce, "Baba, layin jahilai ne na sa ku, tunda ba ku yi lakwal ba." Ya yi shiru kaɗan. Sai ya ce, "To, madalla. Ruwan nan da ka sha dai jahili ne ya haƙo shi." Bai yi faɗa ba, har rakiya ya yi mini zuwa bakin hanya. Amma wallahi har muka dawo Damagaram maganar tana cina.

Ku da kuka tashi a garin nan kun san abin da ruwa yake nufi gare mu, kun san layin jarka da asuba. Mutumin da zai dubi ƙasa da itatuwan da suka tsiro a kanta ya ce a haƙa nan, kada a haƙa can don dutse za a tarar, shi ne na kira jahili a cikin gidansa. Tambayar da nake so mu duba tare ita ce: laifin na kalma ne, ko nawa ne da na ɗauke ta na jefa?

Abin da ya buɗe mini ido wani aiki ne da mushenmu ya ba mu bayan an koma karatu. Ya rubuta kalmomin Ingilishi da suka shafi sani, ya ce kowa ya zaɓi wani harshe na nesa ya nemo takwarorinsu, sannan ya gwada da harshen gidansu. Ni harshen Hangari ya faɗo mini. Harshe ne na tsakiyar Turai mai masu magana wajen miliyan 13, kuma ba dangin Faransanci ko Ingilishi ba ne, danginsa na nesa su ne irin harshen Finlan. Da farko na ɗauka wahalar banza ce. Ashe akwai abin da zan tsinta.

Ingilishi yana da aikatau guda, "know", da shi ake sanin labari, da shi ake sanin mutum. Faransanci, kamar yadda aka dinga buga mana tun firamare, ya raba su biyu: "savoir" da "connaître". Hangari ma haka ya yi: "tud" na sanin abu ne da iya shi, "ismer" na sanin mutum ko wuri ne, irin sanin da ake samu ta hanyar cuɗanya. Hausa kuwa wani wuri dabam ta sa wuƙarta. Da "sani" muke cewa na san Mirya, na san wane, na san gobe kasuwa. Amma in abu ya koma hannu sai mu ce "iya": ta iya saƙa, ya iya gini. Har karin magana muke da shi, iya ruwa fid da kai. Ka ga ke nan kowane harshe da inda yake yanka naman, kuma ba wanda ya fi wani daidai.

Inda na tsaya cak shi ne wajen kishiyoyin kalmomin. Daga tushen nan "tud" mutanen Hangari suka gina "tudás", wato sani, da "tudós", masani, da "tudomány", kimiyya. In suka liƙa ɗafin "-atlan", wanda yake aiki kamar "marar" namu, sai a samu "tudatlan", marar sani. Amma wanda bai iya karatu da rubutu ba, sunansa dabam: "írástudatlan". "Írás" shi ne rubutu. Wato marar sanin rubutu. Kalmar da kanta ta faɗi abin da mutumin ya rasa, ta tsaya nan, ba ta taɓa sauran saninsa ba. Ingilishi ma ya raba "ignorant" da "illiterate". Shi kansa "analphabète" ɗin da ke kan takardata, in ka fasa shi, ma'anarsa wanda bai san alfa da beta ba, wato bai san abacada ba. Ba Faransanci ne ya zagi Baba mai rijiya ba. Mu ne muka haɗa abu biyu a kalma ɗaya lokacin fassara, muka zaɓi mai zafin.

Kuma "jahili" ba ƙaramar kalma ba ce. Daga Larabci muka aro ta, dangin "jahiliyya" ce, kowa ya san nauyinta a kunnen Musulmi. Wani abin mamaki, wani masani ɗan Hangari ɗin nan, Ignác Goldziher, ya yi bayani tun wajen 1889 cewa a tsohon Larabci kishiyar "jahl" ba ilimi kawai ba ce, har da "hilm", wato haƙuri da kamun kai. Jahili a wancan ma'auni shi ne mai zafin kai, wanda ba ya riƙe fushinsa. In da wannan mudu za a auna mu ranar nan, dattijon da aka zaga a gidansa ya yi murmushi ya raka baƙo, da yaron da ya sha ruwan mutum ya kira shi jahili, ku faɗa mini wa ya fi kusa da sunan. Larabcin kuma yana da tasa kalmar ta wanda ba ya karatu da rubutu, "ummiyyi", kuma duk wanda ya zauna gaban malam ya san da ita aka siffanta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Babu wanda ya taɓa jin ta a matsayin aibi.

To ta ina muka samo wannan haɗin? Ni dai ina ganin sunan da aka raɗa wa karatun manya ya taimaka ƙwarai. A shekarun 1950 aka yi babban gangami a Arewacin Nijeriya mai suna Yaƙi da Jahilci, mu ma nan Nijar da wannan suna muka san karatun manya. Niyyar mai kyau ce, mutane da yawa sun amfana. Sai dai sunan ya koya wa jama'a wani lissafi: wanda bai iya boko ba jahili ne. Yau har mutanen da kansu sun karɓa. Sau nawa ka ji tsohuwarka ta ce, "Mu jahilai me muka sani, ku ƴan lakwal ku faɗa"? Tawa tana faɗa, ita da ta san maganin kowane ciwon yara na damina, ta kuma riƙe lissafin adashin mata ashirin a ka ba tare da kaye ba. Na taɓa jin wani alaramma a Birni, mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da ka, yana ce wa ma'aikaci shi jahili ne don bai iya sa hannu da boko ba. Ranar nan na ji kunya ta kama ni a madadinmu duka.

Kada mu manta garin nan bai jira lakwal ba kafin ya san abu. Kalmomin "karatu" da "rubutu" kansu, Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa ta hanyar Barebari suka shigo Hausa, kuma mu da Damagaram ta daɗe tana kai gaisuwa Barno ba za mu yi mamaki ba. Zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, maƙeran garin nan igwa suke ƙerawa, magina suka ja ganuwar Birni. Faransawa ba su kama garin ba sai 1899. Duk wannan tarihi André Salifou, wanda jami'ar garin nan take ɗauke da sunansa, ya rubuta shi a littafinsa kan Damagaram a ƙarni na 19. Waɗancan maƙera, da majeman da har yau suke jeme fata, da dukawa, a wane layi za mu sa su in an ba mu takardar anketi? Hausa tana da kalmar da ta ishe su: "gwani". Da ita ake kiran wanda ya kai ƙarshe a haddar Alƙur'ani, Barebari su ce "goni", da ita kuma ake cewa gwanin gini, gwanar kitso. Kalma ɗaya ta girmama mai allo da mai guduma, ba ta ce sai ɗaya ya sauka kafin ɗaya ya hau ba.

Don adalci, zagin bai tafi hanya ɗaya ba. Su ma iyayenmu da suka ga karatun Nasara suna suka raɗa masa. Da yawa cikinmu mun taso muna jin wai "boko" daga "book" na Ingilishi ta fito. Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin yaudara, abin da ba na gaske ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko. Ka ga ke nan kowane ɓangare ya ɗauki kalma ya jefi ɗan'uwansa: su sun ce namu ƙarya ne, mu mun ce nasu babu ne. Bambancin kawai, yau mu ne muke riƙe da biro da hatimi, don haka jifanmu ya fi ciwo.

Da na kawo maganar nan a fada muna shan shayi, wani abokina ɗan sashen lissafi ya ce, "Kai dai wasa da kalmomi kake. Kira shi gwani, kira shi shehi, gobe in an ba shi takardar magani ba zai iya karantawa ba." Gaskiyarsa, kuma ba zan kauce mata ba. Rashin iya karatu asara ce ta gaske. Na san wadda ta dangwala yatsa a takardar gona ba ta san abin da ke ciki ba, sai daga baya ta ji wai ta sayar. Ba kuma duk abin da tsofaffi suka riƙe ne daidai ba, akwai wanda gwaji ya ƙaryata, dole a faɗa. Ba cewa nake a bar kowa yadda yake ba. Cewa nake likita ma sai ya faɗi sunan ciwo daidai kafin ya ba da magani. In ka ce wa mutum bai iya karatu ba, ka nuna masa abu ɗaya da zai koya cikin ƴan watanni. In ka ce masa jahili, ka shafe shekara sittin na rayuwarsa, kuma ka sa shi jin nauyin zuwa ajin da sunansa kansa yake zaginsa. Wane magidanci ne zai so a gan shi yana shiga inda ake yaƙi da irinsa?

Saura tambayar farko: laifin kalma ne ko nawa? Na so in ce haka na tarar ana faɗa, ni ɗan aike ne. Amma ɗan aiken da aka ba shi saƙon sanyi ya isar da na zafi ba zai ce ba ruwansa ba. Kalma ba daga sama take faɗowa ba, mutane ne suke zaɓenta. Su mutanen Hangari da Latin ake musu mulki har 1844. Kafin nan marubutansu, irin su Ferenc Kazinczy, sun zauna sun ƙera dubban kalmomi, suna gardama a kansu, wasu suka mutu, wasu suna baki har yau. Mu ma irin wannan lokaci ne ya same mu. A garin nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma a 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Ma'ana takardun likita, na shari'a, na ƙidaya, za a yi ta juya su zuwa Hausa, kuma mu ɗin nan da muke zaune a aji yau mu za a ba aikin. Abin da muka rubuta cikin gaggawa don mu karɓi jikka biyar, shi ƙannenmu za su haddace.

Don haka roƙona gare ku kaɗan ne. In takarda ta ce "analphabète", mu ce "bai iya karatu da rubutu ba". Ya fi tsawo, amma bakinmu ba zai tsage ba. In mutum ya iya ajami ko Larabci, mu rubuta ya iya, don rubutu ne. Mu ce "karatun manya" a maimakon wancan suna. "Jahili" kuma mu ajiye ta ga wanda ta dace da shi, wanda aka nuna masa gaskiya ya ƙi, ko da digiri uku gare shi. In tsohuwarka ta sake cewa "mu jahilai", kada ka bari ta wuce, ka tambaye ta wani abu da ta sani kai ba ka sani ba, ka zauna ka saurara.

Ni dai hutu mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma ƙauyen nan bayan Mirya da goro a hannu. Zan ba Baba haƙuri, sannan in roƙe shi ya nuna mini yadda ake gane inda ruwa yake.