Maganin da ba shi da fatoma

 

'Yan'uwa mazauna Sabo da na Bodija da na kara, takardarmu ta wannan mako a kan magani take. Kwanakin nan mutane da dama suna zuwa ofishin masallaci da waya a hannu, suna nuna wani shafin intanet ko wani saƙon WhatsApp, wai ga maganin hawan jini ko na suga ko na asma daga Indiya ko Kanada, a rabin kuɗin da ake sayar da shi a nan Badun, a tura kuɗi a kawo har ƙofar gida. Tambayar kowa ɗaya ce: Sakatare, ya halatta? Na kai wa Malam Liman maganar, mun zauna a kanta, abin da ke ƙasa kuwa shi ne abin da muka ga ya kamata jama'a su ji.

Da farko dai ba wanda zai zargi mai neman sauƙi. Kowa ya san abin da ya faru tun 2023. A watan Yunin shekarar aka saki Naira, dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen Naira 460 ta wuce Naira 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024. A watan Agusta kamfanin GSK, masu Augmentin da Ventolin, ya ce zai daina sayar da kayansa da kansa a Najeriya, Sanofi ma ya bi sahu kafin shekarar ta ƙare. Mafi yawan maganin da muke sha daga waje ake shigo da shi, wanda ake yi a gida ma sinadarinsa da dala ake saye. To magidancin da ke da tsohuwa mai hawan jini a ɗaki, ga yaro mai asma, ga haya, ga kuɗin makaranta, ga na gida da ke jiran aike a ƙarshen wata, in ya ga araha ya tsaya ya duba, wallahi ba kwaɗayi ba ne. Tattalin dukiya addini ne ya yi umarni da shi.

Haka kuma sayen abin da ba ka gani da ido ba, shi a karan kansa, ba haramun ba ne. Malam ya tuna mana cewa a Risala, wadda da yawanmu muka karanta a zaure, an halatta sayen abin da ba ya nan bisa siffarsa, an kuma halatta sayen dilar kaya bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki. Ai da haka muke cin abinci. Mutum yana Sabo a ɗaure masa huhun goro a Shagamu ko Ondo, a loda, bai taɓa ko ƙwaya ɗaya ba.

Amma mu tsaya a nan, don nan ne maganar take. Me ya sa Alhaji yake yarda ya biya kuɗin goron da bai gani ba? Saboda akwai fatoma, akwai dillalin da ya karɓi la'ada, an san gidansa, an san masallacin da yake salla. In aka kwance huhu aka tarar da sankara ta cinye, akwai wanda za a je a zauna a ƙofar gidansa, in abin ya ƙi a kai gaban Sarkin Hausawa. Da wannan amanar kakanninmu suka kafa unguwar nan, baƙo ya sauka da shanunsa ya ba da su bashi ga mahaucin da bai taɓa gani ba, don maigida ya tsaya masa. Kuma goro ana iya fasa shi a gani. Sa ana duba haƙorinsa, a taɓa tozonsa. Ƙwayar magani fa? Wadda ke ɗauke da sinadari da wadda aka murza da alli da sitaci kamarsu ɗaya, kwalinsu ɗaya, wani lokaci ma na jabun ya fi kyan bugu. Babu inda za ka gwada ta sai a jikin mahaifiyarka. Sharaɗin da ya halatta sayen abin da ba ya nan shi ne in ya zo ka iya ganin ya dace da siffar ko bai dace ba, in bai dace ba ka mayar. A nan ba ka iya gani, ba kuma wanda za ka mayar wa. Wannan shi ne gararin da Annabi (SAW) ya hana a ciniki, wato cinikin da ba a san ƙarshensa ba, kamar sayen kifin da ke cikin ruwa. Sai dai mai sayen kifi a ruwa kuɗinsa kawai zai yi asara.

Kada wani ya ce ai na Turawa ne, ba sa ha'inci. Wannan sana'a ma a can ta yi ƙarfi kafin ta iso mu. A Amurka magani yana da tsada ƙwarai, shi ya sa tun shekaru masu yawa mutanensu, musamman tsofaffi, suke odar sa daga Kanada ta intanet. A 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tare ƙunshe-ƙunshen da ke shigowa ta filayen jiragen sama, ta gano cewa kashi 85 cikin 100 na waɗanda aka tallata da sunan na Kanada ne daga wasu ƙasashe 27 suka fito. A 2018 wata kotu a Amurka ta ci wani babban kamfanin sayar da magani ta intanet na Kanada tarar dala miliyan 34, bayan an same shi da hannu a shigar da maganin da ba a yi wa rajista ba, ciki har da jabun allurar kansa mai suna Avastin da babu sinadarin magani a cikinta ko kaɗan. Masu ciwon daji fa, jama'a, ana ɗura musu abin da ba ya komai suna jiran sauƙi. In an yi wa Ba'amurke haka, mai hukuma da lauya, yaya ɗan Sabo da ya tura kuɗi zuwa asusun wanda bai san ko a wace ƙasa yake ba?

Indiya kuma ba ita ce matsalar ba. Ku juya kwalin maganin da ke ɗakinku, da wuya ba ku ga an rubuta Indiya ba, kuma yana aiki. Bambancin shi ne wannan ya biyo ta ƙofa: akwai kamfanin da ya shigo da shi, akwai lambar NAFDAC, akwai adireshi. Ko da haka ma ana samun ɓaraka. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan shan maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi. A nan gida, manya ba su manta da My Pikin ba, maganin fitar haƙori da aka yi a Legas, wanda ya kashe yara sama da 80 daga ƙarshen 2008. Amma ku lura, shi an san masana'antar, an rufe ta, an kwashe sauran daga kasuwa, a 2013 kotu ta ɗaure mutum biyu. Wanda ya zo maka a ƙunshi daga shafin da gobe zai canja suna, wa za a kama, wa kuma zai gaya maka ka daina sha?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2017 cewa a ƙasashe irin namu, cikin magani goma ɗaya jabu ne ko marar inganci. Wannan kenan da hukumomi a tsaye.

Akwai kuma wanda na gaske ne amma hanya ta kashe shi. Masu suga da ke yin allurar insulin su ji da kyau: wadda ba a buɗe ba ana ajiye ta ne a firij, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ƙunshin da ya yi makonni a hanya, ya kwana a ɗakin ajiyar kaya a Legas, ya hau bayan babur da rana tsaka, ko daga wace masana'anta ya fito ƙarfinsa ya ragu, kuma ba lallai ka gani a kwalbar ba. Marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabanci NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ta sha faɗa cewa jabun insulin ne ya kashe 'yar'uwarta a 1988. Hawan jini shi ma mugun ciwo ne don ba ya kuka. Mutum na haɗiyar alli kullum da safe, yana jin garau, yana cewa alhamdu lillahi maganin ya karɓe ni, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta tsaya. Ku tambayi duk wanda ya taɓa kai ɗan'uwansa wankin ƙoda a UCH nawa ake kashewa a mako, sannan ku lissafa ribar da aka ci a arahar. Hausawa suka ce araha ba ta ado.

Wani abin da ya fi damuna shi ne yadda shafukan suke alfahari da cewa ba sai da takardar likita ba. Mutanenmu suna ɗaukar wannan a matsayin sauƙi, alhali ita ce babbar alamar ɓarawo. Kantin kirki, a Landan yake ko a Mokola, ba zai ba ka maganin da doka ta ce sai da takarda ba tare da ya gan ta ba. Takardar nan ba wahalarwa ba ce: likita ya auna ka, ya san ƙodarka, ya san sauran abin da kake sha, ya san matarka tana da ciki ko ba ta da shi. Maganin da ya yi wa maƙwabcinka daidai yana iya kwantar da kai. A cikin Muwaɗɗa an ruwaito cewa wani mutum ya ji rauni a zamanin Annabi (SAW), aka kira mutum biyu daga Banu Anmar, sai ya tambaye su wane ne ya fi gwaninta a magani tsakaninsu. A Abu Dawuda kuma, da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo, Annabi ya dafa ƙirjinsa, sannan ya tura shi wajen Harisu ɗan Kalada, likitan Saƙifawa. Wanda addu'arsa karɓaɓɓiya ce bai ce a bar masani ba. Masu cewa ai lafiya ta Allah ce, in kwana bai ƙare ba ba abin da zai faru, gaskiya ne, amma Wanda ya ba ka jikin amana Ya ba ka, kuma a aya ta 195 ta Suratul Baƙara Ya hana mu kai kanmu ga halaka. Balaraben ƙauyen nan ma an ce masa ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya yi tawakkali.

Sai ku matasa da kuka mai da abin sana'a, kuna odar katan kuna rarraba wa gidaje da masu shago, kuna cin la'ada. Ku ji tsoron Allah. Hadisin Abu Dawuda da Nasa'i ya nuna cewa wanda ya shiga harkar magani alhali ba a san shi da saninsa ba, abin da ya lalace yana wuyansa. Cewa ban sani ba jabu ne ba za ta fitar da kai ba, tunda ka san ba ka san inda ya fito ba. Ta fuskar doka ma, shigo da magani don sayarwa ba rajistar NAFDAC laifi ne, in kuma aka sami irin su tiramadol a ƙunshin, sunan da ke jiki NDLEA za ta nema, ba na mai shafin ba. Mu baƙi ne a garin mutane. Yaro ɗaya aka kama, Hausawan Sabo za a ce.

To ina mafita, tunda tsadar tana nan? Abu na farko da yawancinmu ba mu sani ba: kowane magani suna biyu gare shi, sunan da kamfani ya raɗa masa da sunan sinadarin da ke ciki. Norvasc sunan kamfani ne, sinadarin amlodipine. Glucophage sunan kamfani ne, sinadarin metformin. Ventolin, salbutamol. Kamfanoni da yawa suna yin sinadari ɗaya, har da na gida irin su Emzor da Fidson da May & Baker, kuma sau da yawa kuɗinsa bai kama ƙafar na mai babban suna ba. Arahar da ake haye teku ana nema, da yawanta tana nan a kan kantar kantin da ke da rajista. Ka buɗe baki ka ce wa likita, ranka ya daɗe, wannan ya fi ƙarfina, akwai makamancinsa? Ba abin kunya ba ne, kullum suna jin haka. Abin da ba a so shi ne ka canja da kanka, ko ka riƙa raba ƙwaya biyu, ko sha yau a tsallake gobe don kwalin ya kai ƙarshen wata. Iyayenmu mata, ku ne kuka fi yin wannan, kuna ɓoyewa don kada ku ɗora wa 'ya'ya nauyi. Don Allah ku faɗa.

Ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi a kowane kwali. Maganin zazzaɓin cizon sauro da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna da wurin kankarewa, a tura lambar ta saƙon waya kyauta a sami amsa. Wanda ya fi son saye ta waya, akwai kantunan cikin gida da ke kawowa har gida, masu rajista da hukumar PCN mai kula da masu harhaɗa magunguna. Ya nemi adireshinsu da sunan ƙwararren da ke tsaye a kai. Maganin tarin fuka da na HIV kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati, kada wani ya karɓi kuɗinku. Jihar Oyo tana da hukumar inshorar lafiya, OYSHIA, kuma ba ma'aikatan gwamnati kaɗai take ɗauka ba, 'yan kasuwa ma suna shiga.

Ragowar maganar taku ce, Alhazai. Babu mai tura kuɗinsa ga wanda bai sani ba don marmari. Yana yi ne don ya duba hagu da dama bai ga mai tallafa masa ba, alhali a sahu ɗaya yake salla da mai tirela biyar. Mara lafiyan da ya kasa sayen maganinsa yana cikin mabuƙatan da zakka ta hau kansu. Kwamitin masallaci ya yanke cewa daga wannan Juma'a za a ware akwati daban a ƙofar gabas don maganin masu suga da hawan jini da asma, kuɗin kuma ba za a ba kowa a hannu ba, kai tsaye za a biya kantin da ke da rajista bisa takardar likita. Ni da ma'aji ne kawai za mu san sunayen.

Wanda ya riga ya sayi magani ta irin waccan hanya, kada ya zubar, kada kuma ya daina sha kwatsam ya zauna haka, musamman na hawan jini da na farfaɗiya. Ya ɗauki kwalin yadda yake ya kai wa likitansa cikin makon nan. Wanda ke buƙatar mai raka shi don matsalar Turanci ko Yarbanci, ya same ni a ofis bayan La'asar, ranar Asabar ko Lahadi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na nan da na gida, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Sakataren Masallaci