Sallama kafin shiga: wayar salula da haƙƙin sani

Bayan la'asar, wata rana cikin hunturun bara, wani dattijo makiyayi daga yankin Belbeji, wanda jikansa ke karatu a ajina, ya yi sallama a ƙofar gidana a nan Tanut, yana riƙe da wayarsa nesa da jikinsa sai ka ce garwashi ya ɗauko. Wani abokinsa ne ya so ya tura masa waƙoƙi daga waya zuwa waya, sai wani rubutu na Faransanci ya tare fuskar wayar, ya ƙi gushewa. Ya ce: «Malam, duba mini abin da take faɗi.» Na duba, na ce: «Baba, izini take nema a wurinka, tana son ta san inda kake.» Ya yi shiru, can ya ce: «Waƙa na roƙa. Mene ne haɗin waƙa da inda nake?»

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, kafin ya yi wannan tambayar yatsana ya riga ya doshi kalmar «Autoriser». Haka muke yi dukanmu. Haka mai cajin waya a bakin tasha ke yi wa mutum goma kafin azahar, haka ɗalibanmu ke yi wa iyayensu a gida. Tambayar dattijon ce ta tsayar da ni, kuma ta tuna mini cewa a shekarar 2020 hukumomin lafiya na wasu ƙasashen Turai sun yi wa kamfanin Google irin tambayar nan tasa.

Ga yadda abin ya faru. Lokacin da annobar korona ta game duniya, kamfanonin Apple da Google suka haɗa kai a watan Afrilu na 2020, suka fito da wata dabara ta bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da mai cutar. Wayoyi biyu in suka kusanci juna, sai su yi musayar wasu lambobi na ɓoye ta hanyar Bluetooth, wannan hanya da muka sani ta tura waƙa da hoto. Lambobin ba su ɗauke da suna, suna sauyawa bayan ƴan mintoci, kuma waya tana ajiye na mako biyu. In gwaji ya nuna mutum ya kamu, sai ya ba da lambobinsa, duk wayar da ta daɗe kusa da tasa ta gargaɗi mai ita. An tabbatar wa jama'a cewa manhajar ba ta neman sanin inda kowa yake, kuma a iyakar manhajar gaskiya aka faɗa. Sai dai tun daga 2015, wayoyi masu tsarin Android ba su yarda a lalubo wasu na'urori na kusa ta Bluetooth ba sai an kunna makunnin nan mai nuna wuri, wanda ake rubuta wa «Localisation». Dalilin kamfanin shi ne, mai iya ganin na'urorin da ke kewaye da kai yana iya gane inda kake. Amma da zarar an kunna makunnin, sauran manhajojin da aka taɓa ba izini, da shi kansa kamfanin, suna iya samun labarin wurin da mutum yake. Mabuɗi ɗaya ne, ƙofa biyu yake buɗewa. A watan Yuli na 2020 jaridar New York Times ta baza maganar, ƙasashe irin su Suwizalan suka nemi a gyara, aka kuwa cire wa irin waɗannan manhajoji sharaɗin a cikin Android 11 da ya fito a watan Satumba. Tsofaffin wayoyi, irin waɗanda suka fi yawa a aljihunanmu, gyaran bai kai gare su ba.

Ni dai ban ga kowa a Damargu da irin wannan manhaja ba. Abin da muka gani na korona shi ne rufe makarantu a watan Maris na 2020, bayan an sami mutum na farko da ya kamu a Yamai ran 19 ga watan, da rufe masallatai, da shakku mai yawa a zukatan mutane. Amma sanƙarau bai bar jihar Damagaram ba, wata annobar kuma ba sai ta yi sallama ba, wayoyin zamani kuwa kullum ƙaruwa suke yi har a rugage da mashekari. Ranar da za a ce wa mutanen Gangara da Tarka su kunna kaza a wayarsu domin lafiyar kowa tana tafe. Shi ya sa nake ganin ya kamata mu malamai mu yi tunanin abin tun kafin ta zo.

A al'adarmu baƙo ba ya wuce zaure sai ya yi sallama an amsa. Sallamar nan tana faɗin abu biyu: ga wanda ya zo, kuma gidan nan da mai shi. Wanda ya ce ya zo gaida maigida, aka ba shi izini, sannan ya bar ƙofar baya a buɗe wasu suka bi ta nan suka leƙa rumbu, ba zai kare kansa da cewa shi bai taɓa ko zangarniya ɗaya ba. Za a ce masa: ai ka san ƙofar za ta buɗe, me ya hana ka faɗa? A ganina nan laifin yake. Kyakkyawar niyyar mai neman izini ba ta isa ta mai da izinin sahihi. Abin da ke mai da shi sahihi shi ne mai bayarwa ya san girman abin da ya bayar, sani irin wanda zai ba shi damar cewa a'a. Hausa ma ta bambanta yarda da sallamawa. Mai yarda ya ji, ya auna, ya amince. Mai sallamawa kuwa gajiya ya yi, ko ya ga ba shi da mafita. Mafi yawan abin da yatsunmu ke yi a kan waya sallamawa ce, alhali a littafin kamfani yarda ake rubutawa.

Akwai wata fuska ta matsalar wadda ta fi kusa da mu. Ƙasar Jamus ta fito da tata manhajar, Corona-Warn-App, ran 16 ga Yuni 2020. Bayan ƴan makonni aka gano cewa a wayoyi da yawa, musamman na Samsung da Huawei, saitin tattalin batir yana hana ta aiki in ba a buɗe ta ba, har gargaɗin da ya kamata ya iso wa mutane ya makara ko bai iso ba. Mutum yana yawo da natsuwar cewa yana da mai gadi, ashe mai gadin barci yake yi, kuma wayar ce da kanta ta kwantar da shi. To, in haka ta faru a ƙasar da wuta ba ta yankewa, ina ga wanda ke biyan kuɗi kafin a caja masa waya da hasken rana, wanda darasin farko da ya koya shi ne kashe duk abin da ke shan batir? Irin wannan mutum zai kashe Bluetooth da hannunsa, cikin hikima a ganinsa, ba tare da ya san ya kori mai gadi ba. Saboda haka sanarwa ba aikin rana ɗaya ba ce. Duk lokacin da wani makunni ya mutu, ko tsarin wayar ya sauya, haƙƙin mai ita ne a sake faɗa masa, a fili, cewa daga yanzu ba a tsare yake ba.

Na tattauna wannan da wani abokina majo, wanda ya shekara fiye da goma yana aikin rigakafi a ƙauyukan Damargu, bai kuwa yarda da ni ba. Ya ce in gida ya kama da wuta ba a tsayawa sallama. Ya ce dogon bayani shi ke haifar da tsoro: ka gaya wa mutum waya za ta san inda yake, sai ya ƙi manhajar baki ɗaya, ya kuma hana maƙwabtansa, a ƙarshe a yi asarar rayuka saboda ladabi. Maganarsa tana da nauyi, domin shi ya ga gawar yara, ni alli kawai na riƙe. Na kuma yarda cewa akwai sa'ar da ceto ke gaban izini. Amma wanda ya faɗa gida don kashe gobara yana fita in wuta ta mutu. Manhajojin nan an rufe su: ta Ingila a watan Afrilu na 2023, ta Jamus kuma ta daina aiki a wannan shekarar. Makunnin da aka sa mutane suka kunna fa, wa ya bi su ya ce su kashe? A Singafo an yi wa jama'a alkawarin cewa bayanan manhajar TraceTogether na yaƙi da cuta ne kawai, sai a watan Janairu na 2021 gwamnati ta amsa a majalisa cewa ƴan sanda na iya neman su wajen bincike, har sai da aka yi sabuwar doka ta taƙaita abin ga manyan laifuka.

Ba sai mun je Asiya ba ma. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a cikin wani gwaji da ya shafi yara wajen 200. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ake yi ba, kamfanin ya musa, shari'a ta yi tsawo har aka yi sulhu da jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75 ta Amurka. Abin da ya fi kuɗin nan tsada ya bayyana a 2003, sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, kuma labarin Trovan na cikin hujjojin da ke bakin mutane. Kafin a koma ga rigakafin a watan Yuli na 2004, cutar ta ƙetara zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bayanin da aka ga babu lokacin yinsa a 1996, yaran da ba a ma haifa ba a lokacin su suka biya kuɗinsa da ƙafafunsu. Wannan ita ce amsar da na ba abokina majo, kuma shi ya fi ni sanin yawan ƙofofin da aka rufe masa saboda wannan tarihi.

Saura batun harshe, wanda shi ne namu. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke kula da ita, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance. Amma rubutun da ya tare wayar dattijon nan da Faransanci yake. Wasu wayoyin suna da Hausa a jerin harsunansu, sai dai sau da yawa Hausa ce ta kalma bisa kalma, wadda ni mai koyar da ita nakan koma ga Faransancin kafin in gane. Ko da an gyara ta, rubutu bai isa ba a ƙasar da da yawa daga masu waya da murya suke aika saƙo, kuma a kasuwa ɗaya ana ciniki da Hausa da Tamajak da Fulatanci da Barbarci. Wanda ya rubuta gargaɗi a harshen da ya san ba a ji, ya sauke wa kansa nauyi ne a gaban alƙali, mai wayar kuwa yana nan cikin duhunsa. In hukuma ta tashi neman mutane su kunna wani abu, gidajen rediyon karkara da masu shela da ƙungiyoyinmu na al'adu su ne bakin da za a ji, kuma abin da za su faɗa ya haɗa da wanda ba shi da daɗin ji: ga abin da makunnin ke buɗewa, ga wanda zai iya gani, ga batirin da zai sha, ga ranar da za a kashe shi.

Mako guda bayan zuwan dattijon, na rubuta jimlar nan ta wayarsa a allo, na ce wa ƴan ajina su fassara ta yadda kakarsu za ta gane. Kalmar «Autoriser» ba ta ba su wuya ba. A kan «Localisation» aka yi gardama. Wani ya ce «wuri», wata ta ce ai wuri ba ya magana, wannan kuwa yana kai rahoto. Wani daga bayan aji ya ce a sa «ɗan tsegumi», aka yi dariya, amma ba wanda ya ce ƙarya ya yi. Muka tsaya a kan «makunnin da ke faɗin inda kake». Jikan dattijon ya kwafe ta a bayan littafinsa, tare da zanen alamar makunnin, domin ya kai gida ran hutu.

Shi kuwa dattijon, a yammacin nan, bayan na yi masa bayani iyakar sanina, ya ce in kunna a tura waƙoƙin, sannan in nuna masa inda ake kashewa. Na nuna masa sau biyu. A na uku ya karɓi wayar ya kashe da kansa, ya sa ta a aljihun rigarsa, ya tambaye ni ko yaron yana ƙoƙari a Faransanci.