Tsari Mai Kyau Kaɗai Ya Isa? Darasi Daga Ginin Ka'aba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW).

Bayan haka, ya 'yan'uwa matasa, sau da yawa mukan zana tsarin faɗaɗa masallaci ko makarantar zango, mu kai gaban dattawa, su ƙi, mu fito muna cewa ba su waye ba. To, idan tsarinmu daidai ne, dole ne a karɓa? Mu nemi amsa a Makka.

Annabi (SAW) ya shaida wa Nana A'isha (RA) cewa Ƙuraishawa sun rage Ka'aba don guzurinsu ya gaza, suka bar wani ɓangarenta a cikin Hijir. Ya so ya mayar da ita kan harsashin Annabi Ibrahim (AS), da ƙofa biyu daidai da ƙasa. Amma ya bari, domin mutane ba su daɗe da fita jahiliyya ba.

A shekara ta 64 bayan Hijira wuta ta ci Ka'aba. Abdullahi ɗan Zubair (RA) yana da mulkin Makka, yana kuma da wannan hadisi daga bakin A'isha, 'yar'uwar mahaifiyarsa. Duk da haka ya tara jama'a ya tambaye su: a rushe a sake, ko a gyara? Ibn Abbas (RA) ya ce a gyara kawai. Ɗan Zubair ya yi istihara sau uku kafin ya yanke. Da aka tona, ya bar mutane suka ga tsohon harsashin da idonsu. Ya kuma kafa ginshiƙai ya rataya labule har ginin ya tashi.

Amma Abdulmalik ɗan Marwan yana Sham, yana zaton ɗan Zubair bai ji komai daga A'isha ba. A shekara ta 74 ya umarci Hajjaj ya fitar da Hijir, ya toshe ƙofa ta biyu. Daga baya, da wani ya tabbatar masa da hadisin, sai ya yi nadama. Bakin alƙalami ya riga ya bushe. Har yau ƙofa ɗaya ce.

Saboda haka, mu matasa, kafin mu shimfiɗa takarda gaban liman da sarkin zango, mu tambaya tukuna, mu saurari mai ja. Mu kai su wurin su ga bangon da ya tsage, mu faɗi inda za a yi salla lokacin aiki, mu isar da hujja ga wanda bai halarta ba. In kuwa muka ga tsarin zai raba jam'i, mu jinkirta shi. Wanda ya fi mu sani ya jinkirta nasa.

Allah Ya sa mu dace, amin.