Buhun Hatsi ko Takardar Koke?

Duk wanda ya ba da kuɗinsa domin taimako yana so ya san inda suka tafi. In an ce an sayi hatsi ko magani, zuciyarsa takan kwanta. Amma in aka ce an biya lauya, an buga takardu, an aiki wani ya yi magana a gaban masu mulki, sai ya fara gunaguni. A lokacin annoba kuwa gunagunin yakan ƙaru: mutane suna mutuwa, don me za a kashe kuɗin taimako a kan surutu? Wannan tambaya ce mai nauyi. Bari mu auna ta da abin da ya sami wata al'umma a ƙasar Barazil.

Yanomami mutanen kurmi ne, suna zaune a arewacin Barazil da kudancin Benezuwela tun kafin zuwan Turawa. A shekarar 1992 gwamnatin Barazil ta shata musu iyakar ƙasarsu, mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 96,000. Amma ƙasar tana da zinariya. Sa'ad da cutar korona ta iso a 2020, an ƙiyasta masu haƙar zinariya wajen 20,000 suna cikinta ba bisa doka ba. A watan Agusta na shekarar farashin oza ɗaya ya haura dala 2,000, kwaɗayi ya ƙaru. Mahaƙan suna zuba zaiba a koguna, ramukan da suka bari suna tara ruwa, sauro yana yaɗuwa. Suna shige da fice kullum, cuta kuwa tana bin sawunsu. A watan Afrilu wani yaro Bayanomame ɗan shekara 15 ya mutu da korona a asibiti a birnin Boa Vista.

A watan Yuni shugabannin Yanomami, tare da ƙungiyarsu mai suna Hutukara, suka ta da gangami da kira guda: a fitar da mahaƙa, a fitar da korona. Ƙungiyoyin da ke rayuwa da gudummawar jama'a suka mara musu baya. Ɗaya daga cikinsu ita ce Survival International, wadda aka kafa a Landan a 1969. Mutum fiye da 400,000 suka sa hannu a takardar koke, aka miƙa ta ga majalisar dokokin ƙasar a watan Disamba. Har wa yau babbar ƙungiyar 'yan asalin Barazil, wato APIB, ta kai ƙara Kotun Ƙoli da lauyoyinta na kanta. A watan Yuli alƙali Luís Roberto Barroso ya umarci gwamnati ta kafa shingayen kiwon lafiya, a watan Agusta kuma kotun duka ta tabbatar da umarnin.

To, ya mai karatu, ashe wannan surutu ne? Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Wanda ɗakinsa yake yoyo yana bukatar ƙwarya ya tari ruwa, amma in ba a gyara jinka ba, zai kwana yana zubarwa. Magani yakan ceci wanda ya riga ya kamu. Hanyar da cutar take bi kuwa, doka ce kaɗai take iya tsare ta, gama mutanen da ke da kwari da baka ba za su iya korar masu bindiga da jiragen sama ba. Saboda haka kāre haƙƙin ƙasa aikin jinƙai ne, daidai da kai magani.

Duk da haka akwai haɗari. An ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Mu da iyayenmu da muka ga yunwar 1973 da ta 1984 mun san daɗin buhun taimako, mun kuma san yadda mai karɓa yakan sunkuyar da kai a gaban mai bayarwa. Ƙungiyar da ke jiran kuɗi daga nesa tana iya faɗin abin da zai motsa zuciyar mai kuɗi, ta bar abin da ke damun mutanenta. Ana iya mai da wahalar mutum hoto na neman gudummawa, shi kuwa ba a tambaye shi ba. Abin da ya ba gangamin Yanomami daraja shi ne, su suka zaɓi maganar, su suka faɗe ta, sauran suka kai ta nesa. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa.

Wannan ya shafe mu, mu masu bi. Davi Kopenawa, shugaban Hutukara, ya rasa mahaifiyarsa yana yaro, cikin annobar ƙyanda da ta shiga ta wata tashar mishan a 1967. Waɗanda suka kai cutar ba su nufi mugunta ba, amma kyakkyawar niyya ba ta tā da wanda ya mutu. A watan Afrilu 2020 wata kotu ta hana waɗansu 'yan mishan shiga kwarin Javari, inda akwai al'ummun da ba sa cuɗanya da baƙi, bayan ƙungiyar 'yan asalin wurin ta kai ƙara. Akwai lokacin da ƙaunar maƙwabci takan ce ka je. Akwai kuma lokacin da takan ce ka tsaya a bakin iyaka, ka saurari mai gida.

Gangamin bai kori mahaƙa nan da nan ba. Suka ci gaba da ƙaruwa, zazzaɓin cizon sauro da yunwa suka kashe yara da yawa. Sai a watan Janairu 2023 sabuwar gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci ta kiwon lafiya a ƙasar Yanomami, aka fara korar mahaƙan. A cikin waɗannan shekaru uku idon duniya ya koma wani wuri, amma waɗanda suka jure suka yi ta tara shaida, suna komawa kotu. Tausayi yakan tashi da sauri, ya huce da sauri. Adalci kuwa yana bukatar mai haƙuri.

Saboda haka, 'yan'uwa, in an zo mana da kwanon taimako domin wata al'umma da ake zalunta, kada mu raina shi don ba hatsi za a saya ba. Sai dai mu yi tambaya uku. Su wa suka nemi a yi wannan aiki? Wa zai yi magana da kuɗin, masu ƙasar ko baƙi? Mu kuma, za mu tsaya tare da su bayan annoba ta wuce, labari ya daina fitowa a rediyo? Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya, sai ya bayar da zuciya ɗaya.